Kek ɗin Kirsimeti da haƙƙin maƙwabci a Kafanchan

Da zarar Disamba ta kai tsakiya, duk wanda ya shiga kasuwa a Kafanchan, ko Zonkwa, ko Kwoi, ko Kachiya, zai tarar ciniki ya koma wajen masu fulawa da sukari da bota da ƙwai. Mata na tsaye suna lissafi da yatsu: mudu kaza na cincin, mudu kaza na kek, sauran kuɗin na shinkafa da kaza da ɗinkin yara. A 'yan shekarun nan lissafin ba ya fita yadda ake so, kuma abin da aka fi saurin sokewa shi ne kason maƙwabta. Ana dai yin kek ɗin, sai dai ƙarami, a ƙawata shi, a ɗauki hotonsa, a yanka a falo tsakanin 'yan gida. A ganina mun soke abin da bai kamata a soke ba. In dole sai an rage wani abu, to a rage adon, a rage girman, har fulawar ma a rage, amma a bar kek ya fita ya shiga gidajen mutane. Tarihinsa, a can inda ya fito da nan inda ya sauka, abin da yake nunawa ke nan.

Kek ɗin da muka gada daga Turawan Ingila bai faro a matsayin kek ba. Asalinsa wani fate ne mai kauri, na hatsi da romon nama da busassun 'ya'yan itace da kayan ƙamshi, wanda ake sha lokacin Kirsimeti. Da tafiya ta yi tafiya aka daina sa nama, aka kawo garin alkama da ƙwai da man shanu. Masu hali, waɗanda ke da tanderu a gida, suka riƙa gasa nasu, talakawa kuwa su ƙulle kwaɓin a ƙyalle su dafa a tukunya. Ko a lokacin, babban kek ɗin shekara ba na 25 ga Disamba ba ne. Na rufe biki ne, daren 5 ga Janairu wayewar 6, lokacin da Kiristoci ke tunawa da zuwan masanan gabas gaida jariri Yesu. Akan jefa ƙwayar wake guda ɗaya cikin kwaɓin kafin a gasa. In an yanka an raba, duk wanda waken ya faɗo a rabonsa shi ne sarkin wannan dare, ko da baran gidan ne, mai gida da kansa sai ya bi umarninsa. Ka ga ke nan wasan ba ya yiwuwa sai kowa ya samu yanki, har da mai wanke kwanuka.

Sai a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, kek ɗin ya baro Janairu ya dawo ranar Kirsimeti, waken ya ɓace, aka lulluɓe shi da farin sukari. Abin da ya shigar da shi gidan talaka kuwa arhar sukari ce, kuma arhar tana da tarihi mai ɗaci, domin gonakin rake na Jamaika da Babados da gumin bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma aka kafa su. A 1843 wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya fito da hodar da ke sa kwaɓi ya tashi ba tare da yis ba, aiki ya ƙara sauƙi. Matan Ingila kan gasa nasu tun makonni kafin biki, su cika shi da zabibi da ɓawon lemo, su riƙa ɗiga masa barasa jefi-jefi. Shi ya sa yake yin watanni bai lalace ba.

Duk ƙasar da ka leƙa, za ka ga kek ɗin biki yana tafe da dokar rabo. A Faransa, inda har yau ake ɓoye ɗan abu cikin kek ɗin 6 ga Janairu, al'adar da ita ce a yanka daidai yawan mutanen gida, a ƙara yanki ɗaya a ajiye wa matalaucin da zai fara ƙwanƙwasa ƙofa. A Girka ana yanka na sabuwar shekara da tsabar kuɗi a ciki, kuma ana fitar da kason gida da na mabuƙaci tare da na iyali. A Masar, ɗan kek ɗin da suke kira kahk shi Musulmi ke yi da ƙaramar Sallah, shi kuma Kibɗawa ke yi da bukukuwansu, faranti na kai da kawowa tsakanin gidaje. A Kalkata ta Indiya akwai gidan burodin Nahoum, wanda wani Bayahude ɗan Bagadaza ya kafa a 1902, inda duk Disamba mabiya Hindu da Musulmi da Kirista ke bin layi ɗaya don sayen kek ɗin Kirsimeti. Kayan haɗi sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ko'ina ana lissafi da wanda ba ya cikin gidan.

Ta hanyoyi uku wannan abinci ya iso kudancin Kaduna. Ta farko ita ce reluwe. A 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗe da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, Kafanchan ta zama mahaɗa. Ma'aikata Inyamurai da Yarbawa da mutanen bakin teku suka sauka da iyalansu, da cocinsu, da girkinsu, ciki har da cincin da burodi. Jirgin da ya kawo su shi ya kawo fulawa da sukari da madarar gwangwani zuwa kantunan gari. Hanya ta biyu mishan ce. Ƙungiyar SIM ta kafa tasha a Kwoi a 1910, ta iso Kagoro a ƙarshen shekarun 1920, kuma daga aikinta ne cocin ECWA ta fito a 1954. Katolika da Angilikan da Baftis su ma suka buɗe nasu makarantu. Matan mishan da sistoci sun koya wa 'yan mata ɗinki da tsafta da girki, waɗannan 'yan mata kuma su suka zama iyayen Zumuntar Mata, inda mace ɗaya in ta iya abu, kafin shekara ta zagayo unguwa duka ta iya. Hanya ta uku ita ce ta samarin da suka yi aikin kuku a gidajen Turawan reluwe da na kuza a Jos, suka dawo gida da sana'a a hannu.

An ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙon ya zauna, kuma bai zauna ba sai da matan yankin suka sake masa kama. Abu na farko da ya fita shi ne barasa. Mishan ɗin SIM sun hana mabiyansu giya, har burkutun gida ba su ɗaga wa ƙafa ba, saboda haka kek mai barasa ba shi da wurin zama a gidan ɗan ikilisiya. Zabibi da ɓawon lemo su ma suka ragu, don tsada da wuyar samu. Abin da ya saura shi ne fulawa, bota, sukari, ƙwai, ɗan madara, gyaɗar ƙamshi da hodar tashi. Ana buga bota da sukari da muciya cikin babbar roba har hannu ya gaji a miƙa wa wata, yara na gefe suna jiran a ba su robar su lashe.

Tanderu kuwa babu. Sai aka samo dabara: a zuba yashi ko tsakuwa a gindin babbar tukunya, a ɗora kan gawayi, a jera kwaɓin a ciki, a rufe, a ɗora garwashi bisa murfi. Wadda ke da kwaɓi mai yawa ta ɗauka a kai zuwa gidan burodi, ta biya a gasa mata bayan an kwashe burodin ranar. Abin zuba kwaɓin shi ne ya fi burge ni: gwangwanin madara, na tumatir, na kifi, a wanke, a shafe da mai. Rashin kayan aiki ne ya jawo haka, amma sakamakonsa ya yi kyau. Kek ɗin Ingila guda ɗaya ne babba, na tsakiyar tebur. Na Kafanchan ƙanana ne masu yawa, kowanne cikin tafin hannu, an yi su ne daidai da kwano da leda da aljihun yaro. Tun daga tukunya an riga an raba shi.

Ba kuwa a fili fetal ya sauka ba. Hausawan Jama'a da na Zangon Kataf da sauran garuruwa suna da nasu kayan zaƙi na biki tun kafin zuwan Bature. Alkaki na alkama ne, a soya a tsoma a zuma ko ruwan sukari. Nakiya ta shinkafa ce, a daka da zuma da man shanu da citta da kanumfari da masoro, kuma takan daɗe ƙwarai ba ta lalace ba, bisa dalili ɗaya da na kek ɗin Turawa, wato zaƙi da maiƙo suna tsare abinci. Da su da dubulan ake cika garar amarya, ita gara kuwa kowa ya san ta rabawa dangi ce. Su ma Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Fantswam da Nikyob da sauran al'ummomin yankin suna da bukukuwan bayan girbi, lokacin da rumbu ya cika, baƙo ba ya wuce ƙofa bai ci ba. Bikin Afan na Kagoro, wanda ake yi kowace 1 ga Janairu, ya samu wannan mazauni ne a zamanin Sarkin Kagoro Gwamna Awan, wanda ya yi sarauta daga 1945 zuwa 2008, har ya zama mako guda ne na shagali daga Kirsimeti zuwa Afan. Masu cewa kek abin aro ne, ba al'adarmu ba, gaskiyarsu a kan fulawa. Amma fitar da abinci ranar biki ba Bature ne ya koya mana ba.

Duk wanda ya tashi a garuruwan nan kafin a fara rarrabuwa ya san yadda safiyar Kirsimeti take. Kafin a tafi sujada an gama ɗaure kwanuka, shinkafa da miya a ƙasa, nama a sama, cincin da kek a leda a gefe. Yara cikin sababbin kaya su bazu. "Salamu alaikum, Hajiya, wai in ji Mama a kawo muku abincin Kirsimeti." "Madalla, an gode. Ki ce mata Allah ya maimaita mana." A juye kwano, a wanke, a jefa wa yarinya tukuici. In Sallah ta zo, kwanon ya juyo da waina da miyar taushe, ko naman layya da alkaki. Gidaje da yawa na Kirista kan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu kaza ko akuya, don kada wani ya ji ƙyashin ci. Ba wanda ya rubuta wannan a doka, ba kuma wanda ya kira taro a kansa.

A cikin kayan kwanon nan, kek da cincin su ne mafi sauƙin ƙetare katanga. Nama yana tafe da tambayoyi: wa ya yanka, yaya aka yanka, a wace tukunya aka dafa? Tambayoyin ba na raini ba ne, musamman a garin da ke da kasuwar aladu ta Katsit, wadda ake ci duk Alhamis, 'yan kasuwa na zuwa mata har daga kudancin ƙasar nan. Shinkafa da miya kuma in sun wuni a rufe sai su canza. Kek ba shi da yanka, ba ya saurin lalacewa, ana ajiye wa wanda ya yi tafiya, ana ba wa tsoho da yaro. In hutu ya ƙare, shi da cincin ne ke bin 'ya'yan yankin zuwa Kaduna da Abuja da Legas, su shiga ofis da ɗakin kwanan ɗalibai, su isa bakin mutanen da ba su taɓa ganin dutsen Kagoro ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, amana. Wadda ta koyi sabon salo na zuba barasa a kwaɓi ta faɗa, ko ta ware wanda za ta fitar. Man da aka soya cincin kuma ya zama mai tsabta ne wanda bai taɓa wani abu ba.

Kowa ya san abin da ya biyo bayan wancan zamani na musayar kwano. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina. A 1992 aka yi na Zangon Kataf. A 1999 aka yi na naɗin sarautar Jama'a. A watan Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka yi asarar rayuka masu yawa a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, babbar kasuwar garin ta ƙone. A jajiberin Kirsimetin 2016 aka kai hari Goska. Waɗannan rikice-rikice sun bar marayu da zawarawa a ɓangarorin biyu, kuma sun sa wasu iyalai sun kwashe kaya sun koma inda nasu suka fi yawa. Yau akwai matashin da ya girma a Kafanchan bai taɓa zama katanga ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Uwar da a da take tura 'yarta gida na uku da kwano, yanzu sai ta biya kuɗin acaba, kuma sai ta yi tunani sau biyu kafin ta tura yarinya wata unguwa.

Mai karatu na iya cewa, to ai mutanen da suka yi ta musayar kwano su ne dai suka wayi gari suna ƙone wa juna gidaje, me kwanon ya hana? Tambaya ce mai nauyi. Kek bai taɓa sasanta rikicin gona da kiwo ba, bai raba gardamar sarauta ba, bai hukunta wanda ya yi kisa ba. Waɗannan aikin hukuma ne da kotu, kuma rashin yin su ne ya sa wuta ke ta sake tashi. Amma a rikice-rikicen da aka yi an samu waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu a ɗaka, ko suka raka su har inda za su tsira, kuma ba wanda ke sa ransa a haɗari don mutumin da bai san sunan 'ya'yansa ba. A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jama'a, Kaura, Zangon Kataf, Sanga da Kachiya suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Abu ne mai kyau, sai dai shugabanni ne ke sa hannu a takarda. Wanda zai ji jita-jita da tsakar dare ya yanke shawarar gaskatawa ko ƙaryatawa talaka ne, kuma abin da zai auna da shi shi ne ko ya san wani a can ɓangaren. Zumunta a ƙafa take, kwano kuwa shi ke ba ƙafa dalilin fita sau biyu ko uku a shekara.

Akwai kuma masu hana karɓa bisa dalilin addini, kuma bai kamata a yi musu dariya ba. Ba fatawa nake bayarwa ba, malamai sun yi saɓani, kowa ya bi wanda ya natsu da shi. Sai dai ya kamata a san faɗin maganar. Aya ta 5 cikin Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ahlul Kitabi. Shehul Islam Ibn Taimiyya, wanda ya tsananta ƙwarai wajen hana Musulmi shiga bukukuwan wasu addinai, shi da kansa ya halatta karɓar kyautar da suka kawo ranar idinsu, abin da ya keɓe shi ne dabbar da aka yanka domin idin. Kek da cincin ba sa cikin abin da ya keɓe. Hadisin da ya umarci mai dafa romo ya ƙara ruwa don maƙwabta kuwa bai ware maƙwabci ba. A ɗaya ɓangaren akwai Kiristocin da ke mayar da naman layya ko su karɓa su zubar. Su ma su tuna Manzo Bulus ya ba Korintiyawa damar cin abin da aka ajiye musu a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, kuma Nehemiya ya umarci jama'a ranar idi su aika wa wanda bai da komai da nasa rabon. Wanda zuciyarsa ba ta ba shi ya ci ba, ya karɓa da fara'a, ya yi godiya, ya ba wanda zai ci. Mayar da yaro da kwanonsa a rufe darasi ne da ba zai manta ba har ya tsufa.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi damun mata a kasuwa. Kusan duk abin da ke cikin kek daga wani wuri yake zuwa. Mafi yawan alkamar da Najeriya ke ci daga waje ake shigo da ita, tun lokacin da kamfanin Flour Mills ya fara niƙa a Apapa a 1962. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, abin bai ɗore ba, aka janye a 1992. Sukari ma ɗanyensa ake shigowa da shi a tace a Legas. Saboda haka duk abin da ya taɓa dala ya taɓa robar kwaɓi. Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya ɗaga farashin alkama a duniya, cire tallafin mai da sakin naira a 2023 suka ƙara wa wuta fetur. A 2023 ɗin ne kuma annoba ta faɗa wa citta a Kachiya da Jaba da Kagarko da Jama'a da maƙwabtansu, ta ruɓar da gonaki ba iyaka. A yankin nan kuɗin citta su ne kuɗin makaranta, su ne kuɗin aure, su ne kuɗin Kirsimeti. Gidan da ya rasa citta ya kuma tarar fulawa ta ninka, ba a zarginsa in ya ƙidaya baki kafin ya kwaɓa.

Amma a nan ma akwai mafita, kuma tana cikin gonakinmu. Gwamnatoci sun sha ƙoƙarin sa garin rogo a burodi, tun zamanin Obasanjo har na Jonathan, abin bai yi nisa ba. Dalili ɗaya shi ne burodi na dogara ne da danƙon da ke cikin alkama, shi ke riƙe iska har ya kumbura. Kek ba haka yake ba. Ƙwai da hodar tashi da bugun bota su ke ɗaga shi, yawan danƙo ma taurara shi yake yi. Wato kek ya fi burodi karɓar baƙon gari. Ana iya gauraya fulawa da garin acca, ko na shinkafa, ko na dawa mai laushi. Ana iya rage sukari da zuma ko nunanniyar ayaba, a sa gyaɗa da riɗi a madadin zabibi, a ƙamsasa da cittar Kwoi da kanumfari maimakon ruwan ƙamshi na kwalba. Turawa na sayen cittarmu su yi kek ɗin citta na lokacin sanyi, mu da muke nomanta muna ganin ba ta wuce shayi da kunu da yaji ba.

Acca dai ba arha gare ta ba. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, surfenta da regayarta aiki ne mai cin ƙarfi, shi ya sa mudunta kan fi na fulawa tsada. Bambancin shi ne kuɗin acca hannun manomiyar yankin suke shiga, na fulawa kuwa jirgin ruwa suke bi. Duniya ma ta waiwayo ta. Tarayyar Turai ta amince a sayar da ita a kasuwanninta a 2018, Pierre Thiam, kuku ɗan Senegal, yana tallata ta a Amurka, Najeriya kuma tana sahun gaba wajen nomanta bayan Gini. Abin da ya rage shi ne injin surfe mai sauƙin kuɗi da ma'auni tabbatacce, mudu nawa na acca a kan mudu nawa na fulawa, wanda mace za ta bi ba ta yi asarar ƙwai ba. Wannan aiki ne da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya za su iya yi, Zumuntar Mata da ƙungiyoyin mata Musulmi su yaɗa shi cikin damina ɗaya. Iyayenmu da suka gasa kek a tukunyar yashi ba su jira kayan Ingila ba, ban ga dalilin da zai sa mu jira alkamar Kanada ba.

Masu sana'ar kek na zamani, waɗanda yawancinsu matasan mata ne da suka koya da guminsu, ba su da laifi a wannan magana. Suna yin abin da kasuwa ke nema ne, kuma kasuwa yanzu hoto take nema, hawa biyu, launi uku, suna a rubuce, a ɗora a Facebook da WhatsApp. Amma kuɗin da ke tafiya a ado kaɗai zai iya fitar da ƙananan kek masu yawa. In masu saye suka fara cewa a yi musu na rabo, guda talatin ko hamsin a ƙunshe, masu yi za su yi, ribarsu ma ba za ta ragu ba. Mai sana'a Musulma ta yi wa Kirista na Kirsimeti, Kirista ta yi wa Musulmi na Sallah, kamar yadda tela da mahauci suke yi tun fil azal ba wanda ya ce uffan.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kwamiti. Uwar gida in za ta auna fulawa bana, ta fara ƙidaya gidajen da za ta aika wa kafin ta ƙidaya na ɗaka, kuma cikin lissafin a samu aƙalla gida ɗaya da ba addininsu ɗaya ba, da gida ɗaya da aka yi wa rasuwa ko aka raba da gonarsa. In tsohuwar maƙwabciya ta koma wata unguwa, a neme ta a waya, a haɗu a kasuwa ko a wurin aiki a miƙa mata. In ana tsoron tura yaro shi kaɗai, babba ya raka shi, hakan ma ya fi, don gaisuwar manya ta fi ta aike. Fastoci da limamai su daina barin maganar a hannun masu zafin kai, su faɗa wa mabiyansu abin da littattafansu suka ce game da maƙwabci, su kuma fara aikawa daga gidajensu. Sarkin Jama'a da Agwam Fantswam da sauran sarakunan yankin su riƙa kai wa juna gaisuwar biki, dagatai da masu unguwanni kuma su sauko da abin ƙasa. Wanda aka kawo wa kuma ya rubuta bashi a ransa, Sallah na nan tafe, ya biya da alkaki.